Yayata tana aikin sa kai a Gulu, ta ƙi turo hoton yaro ko ɗaya 🧵

1/
Wata tara ke nan Yayata tana Gulu, arewacin Yuganda, tana aikin sa kai da matasan da yaƙi ya shafa. Har yau ba ta turo min hoton yaro ko ɗaya ba. Da farko haushi na ji. Yanzu kuwa gani nake babu abin hankalin da ta yi tun tafiyarta kamar wannan. Zaren yana da tsawo, ku gyara zama.

2/
Ɗiyar baffana ce, gida ɗaya muka tashi. Ta yi digiri a fannin koyar da lissafi, ta gama bautar ƙasa, ta yi wata huɗu tana tura CV babu wanda ya kira ta, sai wannan damar ta shekara ɗaya ta fito. Ba zan faɗi sunanta ko na ƙungiyar ba. Da wannan sharaɗin ta yarda in yi rubutun.

3/
Makon jiya na ɗan ambaci zancen a nan, sai kwament ya rabu gida biyu. Wasu: "Allah sarki, ta je ceto marayu, Allah ya ba ta Aljanna." Wasu kuma: "Haba, Borno na nan, Zamfara na nan, sai Yuganda? Dala kawai ta bi." Na gode da addu'ar, amma duka ɓangarorin akwai inda ban yarda da ku ba.

4/
Ga matsayata tun kafin mu yi nisa. Tafiyar ba laifi ba ce. Amma sabon mai digiri da ya je irin wannan wuri, ɗalibi ne, kuma da abin da ya rage a hannun mutanen wurin bayan ya hau jirgi ya dawo za a auna shi. In babu abin da ya rage, yawon buɗe ido ya yi a kan wahalar mutane.

5/
Bari in fara da tarihin wurin, don da yawanmu sunan Kony kawai muka sani. Gulu tana da nisan sama da kilomita 300 arewa da Kampala, ƙasar ƙabilar Acholi ce. Daga wajen 1987 ƙungiyar LRA ta Joseph Kony ta shiga yaƙi da gwamnatin Museveni, aka kwashe kusan shekara 20 ana yi.

6/
LRA da satar yara ta riƙa cika rundunarta. A hanyar makaranta, a gona, a cikin ɗaki da dare. Maza a ba su bindiga da dako, mata a raba wa kwamandoji a matsayin "mata". Dubun dubatar yara da matasa aka sace. Wasu an tilasta musu kashe mutanen garinsu don kar su yi tunanin komawa gida.

7/
Ita kuma gwamnati ta tattara mutanen karkara cikin sansanoni da sunan kare su. A wajen 2005 mutum kusan miliyan 1.8 ne ke zaune a irin waɗannan sansanoni, babu noma, ana jiran abincin agaji, cututtuka na kashe mutane. Yara da yawa a nan aka haife su, a nan suka yi wayo.

8/
Akwai lokacin da kullum da yamma dubban yara ke takowa da ƙafa daga ƙauyuka zuwa cikin Gulu da Kitgum, su kwana a tasha, barandar shaguna, harabar asibitin Lacor, da asuba su koma. An ƙiyasta sun kai 40,000. Tsoron kar a sace su da dare ne ke fito da su.

9/
Wannan kuma ku karanta da kyau. Oktoban 1996, LRA ta shiga makarantar kwana ta 'yan mata ta St Mary's da ke Aboke ta kwashe ɗalibai 139. Mataimakiyar shugabar makarantar, Sista Rachele Fassera, ta bi su har daji tana roƙo, aka sako mata 109, aka riƙe 30. Shekara 18 ke nan kafin Chibok.

10/
A Agustan 2006 aka sa hannu kan tsagaita wuta a tattaunawar Juba. Kony bai sa hannu a yarjejeniyar ƙarshe ba a 2008, amma mayaƙansa sun riga sun bar Yuganda zuwa Kwango, Afirka ta Tsakiya da Sudan ta Kudu. Har yau ba a kama shi ba. Mutane dai sun bar sansanoni sun koma ƙauyukansu.

11/
To a nan Yaya ta fara cin karo da gaskiya. Ta tafi da hoton ƙananan yara masu bindiga a kanta. Da ta isa sai ta tarar da gari mai jami'a, bankuna, 'yan acaɓa ko ta ina. Waɗancan yaran da aka sace a shekarun 1990 yanzu magidanta ne masu shekara 35, 40, wasu da 'ya'ya a sakandare.

12/
Su wane ne matasan da take aiki da su ke nan? Waɗanda aka haifa a daji, 'ya'yan matan da aka sace. Waɗanda aka haifa a sansani suka rasa firamare. Sai matasan Sudan ta Kudu da yaƙin da ya ɓarke a Disambar 2013 ya koro, irin na matsugunin Palabek da aka buɗe a 2017 a gundumar Lamwo.

13/
Waɗanda aka haifa a daji su suka fi ba ta tausayi. A al'adar Acholi gona ta dangin uba ake samun ta. Yaron da ubansa kwamandan LRA ne da ya mutu a daji, ko ba a ma san ainihin sunansa ba, ina zai nufa? Dangin uwa na ɗari-ɗari da shi, mijin da uwar ta aura ba ya son ganinsa.

14/
Yanzu maganar hoto. A wata na biyu na ce mata: "Yaya dan Allah ki turo hotonki da yaran in sa a shafina, mutane su ga abin alherin da kike yi." Ta yi shiru, sai ga saƙon murya: "Ƙanina, da kai aka haifa a daji, za ka so fuskarka tana yawo a intanet an rubuta ɗan 'yan tawaye a ƙasa?"

15/
Ta ce akwai ɗalibarta da ke zaune a unguwar da babu wanda ya san tarihinta, har an sa mata ranar aure. Hoto ɗaya da bayani ɗaya a Facebook ya isa ya rusa mata komai. Kai ka samu layik 2,000 ka wuce, ita kuma za ta ci gaba da zama a unguwar. Wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba.

16/
Kuma mutanen Gulu sun ga illar kyamara fiye da kowa. Kun tuna bidiyon Kony 2012? Ƙungiyar Invisible Children ta Amurka ta sake shi a Maris 2012, cikin kwana shida aka kalle shi sau miliyan 100. Matasan Turai da Amurka suka sayi riguna da abin hannu, kowa ya ji ya yi jihadi.

17/
Da aka haska shi a garin Lira, gaban mutanen da yaƙin ya ci da gaske, taron bai ƙare lafiya ba, har jifa aka yi. Sun ga labarinsu ya koma labarin wani Ba'amurke da ƙaramin ɗansa, an buga sunan wanda ya kashe musu dangi a jikin riga. Ga shi lokacin LRA ta yi shekaru da barin Yuganda.

18/
Mu nan mun iya zagin Turawa a kan wannan, muna cewa masu jin su ne maceta. To kar mu ruɗi kanmu. Baƙar fata ba ta hana mutum wannan cutar. Ɗan Kano ko Zariya da ya sauka Gulu da iPhone yana ɗaukar kansa cikin marayu, shi da waccan Baturiyar duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

19/
Mu da muka tashi ana ja mana kunne a kan riya tun muna Islamiyya, ai mu ya kamata mu fi kowa gane wannan. Ka tambayi kanka tsakani da Allah: da za a ce babu hoto, babu fostin, ba za a rubuta a CV ba, zan je? In amsar a'a ce, ka zauna a gida, babu wanda zai zarge ka.

20/
Abu na biyu: me waɗannan matasa ke buƙata? Yawancinmu muna ɗauka duk wanda ya fito daga hannun 'yan tawaye ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, bam ne mai jiran fashewa. Masu bincike biyu, Christopher Blattman da Jeannie Annan, sun bi samari a Kitgum da Pader a 2005 zuwa 2006, abin da suka samu ya bambanta.

21/
Sun gano babbar asarar waɗanda aka sace ita ce karatu da sana'a. Karatunsu ya ragu da kusan shekara ɗaya, damar samun aikin ƙwarewa ta ragu da rabi, abin da suke samu ya yi ƙasa da na tsaransu da kashi ɗaya cikin uku. Tsananin damuwa akwai shi, amma ya fi taruwa ga waɗanda suka ga mafi munin tashin hankali.

22/
Har ma an ga waɗanda suka dawo sun fi tsaransu fitowa zaɓe da shiga shugabancin al'umma. Wato mutane ne masu ƙarfin hali da aka sace wa shekarun makaranta. Wanda ya zo musu da hawaye da alawa bai fahimci matsalar ba. Malamin lissafi, makaniki, mai koyar da walda ko kiwon zuma ya fi kusa da ita.

23/
A Saliyo ma, Theresa Betancourt ta fara bin rayuwar tsoffin yara mayaƙa tun 2002, shekara da shekaru. Abin da ya yi ta fitowa fili: wanda iyali da gari suka karɓa ya fi samun sauƙi, wanda aka yi ta tsangwama ya fi shan wuya. Wannan karɓar kuwa ba baƙo ke bayar da ita ba. Maƙwabta ne.

24/
Ga wani abin da zai sa mu rage girman kai. A 2008 gwamnatin Yuganda ta raba wa ƙungiyoyin matasa a arewa jari, kusan dala 380 kowane mutum, su koyi sana'a su sayi kayan aiki. Bayan shekara huɗu, abin da suke samu ya fi na waɗanda ba su samu jarin ba da kashi 38 cikin 100.

25/
Bayan shekara tara da aka koma, sai aka tarar waɗanda ba a ba wa sun kusa kamo su, duk da masu jarin sun fi kadara da zama cikin sana'ar hannu. Darasi biyu na ɗauka. Jari a hannun matashi yana aiki ko babu baƙo a kansa. Kuma ko shirin gwamnati bai juya rayuwa gaba ɗaya ba, balle ziyarar mako uku.

26/
Lissafa kuɗin jirgi zuwa Entebbe da dawowa, biza, masauki, abinci na wanda zai je mako uku "ya taimaka". Kuɗin nan zai iya zama jarin matasa da dama. In har za ka ci wannan kuɗin da sunansu, dole abin da ka kawo ya fi ƙarfin a miƙa musu kuɗin kai tsaye. Tambaya ce mai ɗaci amma dole a yi ta.

27/
Abu na uku, wanda ya fi ba ni tsoro: tonon labari. Baƙo ya zauna da yarinya, "ba ni labarin abin da ya faru da ke a daji." Ta faɗa, ta yi kuka, shi ma ya yi, ya rubuta a littafinsa, ya tafi. Wata mai zuwa wani baƙon ya zo ya sake tambaya. Ita aka bari da ciwon a buɗe.

28/
Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta goyon bayan a zaunar da mutum zama ɗaya a sa shi ya amayar da abin da ya same shi da sunan magani. Abin da ake koya wa ma'aikacin agaji shi ne ya saurara in an so faɗa, kar ya matsa, ya haɗa mutum da ƙwararru. Digirin lissafi bai mai da kai likitan ƙwaƙwalwa ba.

29/
Yaya ta ce ranar farko shugabarta, wata dattijuwa 'yar Acholi da ta yi aikin nan tun lokacin yaƙi, ta kafa mata doka: kar ki tambayi kowa tarihinsa. Ki koyar da abin da kika zo koyarwa. Wata tara yanzu, akwai ɗaliban da ba ta san ko a daji aka haife su ko a gari ba, kuma aji na tafiya lafiya.

30/
Kuma mu sani, manyan ayyukan da suka dawo da yaran nan gida 'yan ƙasa ne suka yi. Cibiyar GUSCO da mutanen Gulu suka kafa a 1994 ta karɓi dubban yaran da suka tsero. Gidan rediyon Mega FM na da shirin da waɗanda suka dawo ke magana da Acholi, suna gaya wa na daji su fito ba za a kashe su ba.

31/
Shugabannin addini na Acholi, Katolika da Angilika da Musulmi, irin su Akbishop John Baptist Odama da Sheikh Musa Khalil, sun haɗu a ƙungiya ɗaya suna matsa lamba, har aka yi dokar afuwa a 2000. A 2003 suka je suka kwana a tashar motar Gulu tare da yaran nan masu tafiyar dare don duniya ta gani.

32/
Ga kuma al'ada. Wanda ya daɗe a daji, kafin ya shiga gida sai ya taka ɗanyen ƙwai, alamar ya bar abin da ya wuce a waje. In an yi kisa akwai mato oput, dangin wanda ya kashe da na mamaci su sha wani jiƙo mai ɗaci tare bayan an amsa laifi an biya diyya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

33/
To me ya rage wa baƙuwa irin Yaya? Ɗan abu kaɗan, amma na gaske. Tana koyar da lissafin kasuwanci ga masu koyon ɗinki da walda: yadda za ka fitar da kuɗin kaya, ladan aikinka, riba. Tana kuma taya ƙungiyoyin adashi gyara littafin ajiya da bashi, ita da wani malami ɗan gari da ke fassara.

34/
Abin dariya, wannan tsarin adashi da bashi na ƙauye da ya cika arewacin Yuganda, asalinsa daga ƙasar Hausa ne. Ƙungiyar CARE ta fara shi a yankin Maraɗi a Nijar a 1991, da sunan Mata Masu Dubara. Yaya ta ce da ta ga akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, sai ta ji kamar tana tsakar gidanmu.

35/
Ba zan ɓoye kuskurenta ba, ita ta ce in faɗa. A wata na biyu wani ɗalibi mai ƙoƙari ya nuna mata yana son injin walda. Tausayi ya kama ta ta ce "zan nemo maka." Ta ɗauka za ta haɗa kuɗin a wurin ƙawaye. Bai haɗu ba. Yaron ya yi wata guda yana tambaya, daga nan ya daina zuwa aji gaba ɗaya.

36/
Shugabarta ta ce mata: "'Yata, ke ce ta goma da ta yi masa alkawari." Sai da malamin nan ɗan gari ya yi sawu uku gidansu kafin ya dawo. Yaya ta ce ranar ta gane kyakkyawar niyya ma tana iya yin ɓarna, kuma ɗan gari ne ke zama ya gyara bayan baƙo ya ɓata.

37/
Akwai kuma abin da ke damunta har yanzu. Alawus ɗin da ake ba ta a matsayin 'yar sa kai daga waje ya fi albashin wannan malamin, mutumin da ya shekara 12 yana aikin, yana jin yaren, ya san gidan kowane ɗalibi. Ban da amsar wannan. Amma duk mai shirin tafiya ya san a cikin irin wannan tsarin zai shiga.

38/
Abin da ta yanke shi ne, duk darasin da ta tsara sai sun rubuta shi tare da malamin, da Turanci da Acholi, shi ke jan ajin ita tana gefe. Ƙungiyoyin adashi huɗu yanzu su ke rufe littafinsu da kansu. Baƙo raɓa ne. Tun ranar da ka sauka ka fara shirin yadda aikin zai tafi ba ka nan.

39/
Yanzu ga masu cewa "Borno na nan." Maganarku tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Chibok 2014, ɗalibai 276. Dapchi 2018, ɗalibai 110. Matan da suka dawo daga hannun Boko Haram da goyo, a wasu wuraren har "annoba" ake kiransu. Yaran da aka haifa a Sambisa suna nan suna girma a tsakaninmu.

40/
Amma in tambaye ku da girmamawa: cikin masu wannan kwament, mutum nawa ne suka taɓa ba da Asabar ɗaya a sansanin 'yan gudun hijira da ke garinsu? Sau da yawa "me ya sa ba ki yi a gida ba" magana ce ta wanda bai yi a gida ba, bai yi a waje ba. In kana yi, to kai ka isa ka faɗa, na sara maka.

41/
Dalilina na goyon bayan tafiyarta shi ne, arewacin Yuganda ya riga mu shiga wannan ramin da kusan shekara 20. Tambayoyin da Borno da Yobe ke fuskanta yau, su sun daɗe da fara amsa su, wasu daidai wasu kuskure. Yaron da aka haifa a daji in ya kai 20, gonar wa zai gada? Wa zai ba shi aure?

42/
Ga Dominic Ongwen. An sace shi a hanyar makaranta yana ɗan shekara tara ko kusa da haka, ya girma ya zama babban kwamandan LRA. A 2021 kotun duniya ta ICC ta same shi da laifuka 61, ta ɗaure shi shekara 25. Wanda aka zalunta ne ko azzalumi? Har yau mutanen Acholi ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba.

43/
Ba irin gardamar da muke yi a kan tubabbun da ke fitowa daga sansanin Malam Sidi a Gombe ba ke nan, tun da aka fara shirin Operation Safe Corridor a 2016? Wanda ya zauna shekara guda a garin da aka yi afuwa, aka kuma yi shari'a, ya ga amfani da ciwon kowanne, zai dawo da abin faɗa da ya fi zagin da muke yi a nan.

44/
Kuma muna da namu gwanayen a gida da za a koya a wurinsu. Barista Zannah Mustapha ya buɗe makarantar Future Prowess a Maiduguri a 2007, yana zaunar da marayun sojoji da na 'yan Boko Haram a aji ɗaya. A 2017 ya samu kyautar Nansen ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Shekaru ya yi yana abu ɗaya a wuri ɗaya.

45/
Saboda haka sharaɗina ga Yaya da duk mai irin tafiyarta: ka dawo da abin da ka koyo. In shekarar Gulu ta zama tsani kawai na samun biza zuwa Kanada, to masu cewa dala ta bi sun yi gaskiya. Ba haramun ba ne mutum ya nemi ci gabansa, amma kar a kira shi sadaukarwa.

46/
Masu tambaya a DM ta ina ake bi: akwai shirin 'yan sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNV. Akwai na matasan Tarayyar Afirka da aka ƙaddamar a Abuja a 2010, na shekara ɗaya. ECOWAS na da nata. Najeriya ma tana da TAC tun 1987, mai tura ƙwararru shekara biyu zuwa ƙasashen Afirka, Karibiyan da Fasifik.

47/
A kula: UNV ba ta karɓar kuɗin cike fom, ita ke biyan ka alawus. Duk wanda ya ce ka turo dubu ɗari biyu ya "saka sunanka", ɗan damfara ne. Haka kamfanonin da za ka biya su kai ka gidan marayu na mako biyu. Yawancin yaran irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, talauci ya kai su.

48/
Kafin ka amsa kowace dama, ka tambaya: Wa zai zama shugabana, ɗan ƙasar ne? Wata nawa zan yi? Wane aiki ne takamaimai, kuma me ya sa ba a ɗauki ɗan gari ba? Suna da dokar kare yara da ta ɗaukar hoto? In ba su binciki tarihinka ba kafin su haɗa ka da yara, ka gudu, wurin ba shi da tsari.

49/
Ka kuma tambayi kanka: a Najeriya za a bar ni in yi wannan aikin da takardun da nake da su? In ba za a bar ka ka duba mara lafiya a Asibitin Malam ba, ba ka da hurumin yi a Palabek don kawai mutanen talakawa ne ba za su tambaye ka satifiket ba.

50/
Ranar da za ta tafi, Baffa ya ƙi fitowa rakiya, ransa bai so ba, mace ita kaɗai a ƙasar da ba mu da kowa. Sai da mota ta tashi ya leƙo ya ce: "Uwata, ki je ki koyo, kar ki je ki nuna musu kin fi su." Lokacin na ɗauka faɗan tsofaffi ne kawai. Duk surutun nan da na yi, fassarar maganarsa ce.

51/
Saura mata wata uku. Ta fara neman aiki da ƙungiyoyin da ke Maiduguri da Damaturu, duk da kuɗin agaji ya ja baya sosai tun da Amurka ta rufe USAID a 2025. Ni ma na ba da sunana a wani ajin yamma na yaran 'yan gudun hijira kusa da makarantarmu, ranar Asabar. Ba za ku ga hoto ba.

52/
Shikenan. In akwai wanda ya taɓa irin wannan aiki, a gida ko a waje, musamman 'yan Borno, Yobe da Diffa da suka ga zuwan baƙi da tafiyarsu, ku faɗa mana abin da kuka gani a kwament, har da inda na yi kuskure. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya dawo mana da Yaya lafiya.